Kayan Cikin Buhu Ma Suna Numfashi

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Illela, ko Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Gaya zuwa Malanbil, ya san abin da ake nufi da a ce mota ta kwana a bakin iyaka. Wani lokaci takarda ce ba ta cika ba, wani lokaci kuma hukuma ce ta gitta shinge, kamar yadda ya faru a watan Agustan 2019 lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020, da kuma abin da ya biyo bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023. A irin wannan hali ba a yin asara iri ɗaya. Mai atamfa da mai kwanuka ransu ne kawai ke ɓaci, amma kayansu na nan yadda suke. Mai busasshen wake yakan iya ɗan haƙuri. Shi kuwa mai albasa ko tumatur ko mangwaro ba ya ko runtsawa, domin ya san kowace rana ta fito ta faɗi, jarinsa raguwa yake yi. In ya cusa hannu tsakiyar lodin sai ya ji ɗumi kamar ya taɓa jikin mai zazzaɓi, alhali rana ba ta kai wurin ba.

To daga ina wannan ɗumi yake fitowa? Daga jikin albasar ne. Albasa ba ta mutu ba don an tuge ta daga gona. Da ranta, tana shaƙar iska, tana cin abincin da ta tara a jikinta, tana fitar da zafi. Abin da take yi a cikin buhu shi ne ainihin abin da jikin ɗan dakon da ya ɗauko buhun yake yi, shi ne kuma abin da ƙwaron wake yake yi a cikin mangaza. Masana kimiyya suna kiran wannan aiki numfashin ƙwayoyin halitta. Wanda ya gane shi zai san dalilin da ya sa ake toshe wa wake iska amma a buɗe wa albasa, zai kuma san abin da ya sa ƙwayar maganin ƙwari da kaskon gawayi ke kashe mutum yana barci.

Mai karɓar haraji da ɓeran Masar

Mutumin da ya fara ɗora wannan magana a kan sikeli wani Bafaranshe ne mai suna Antoine Lavoisier. A wajejen 1782 zuwa 1783, shi da abokin aikinsa Laplace suka saka ɓeran Masar cikin wani mazubi da suka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, da kuma yawan gurɓatacciyar iskar da ya fitar. Daga nan suka ƙona gawayi suka yi masa irin wannan awo. Sai suka ga lissafin ya yi kusa da juna ƙwarai. Wannan ya sa Lavoisier ya yanke cewa numfashi wani irin ƙuna ne, amma mai tafiya sannu a hankali, ba harshen wuta.

Ƴan kasuwa za su so su ji cewa wannan bawan Allah da duwan yake cin abinci. Yana cikin manyan kamfanin da ke karɓar wa sarkin Faransa haraji, kuma da shawararsa aka gina ganuwa aka kewaye birnin Paris don kada kaya su shiga ba su biya ba. Mutanen gari ba su manta masa ba. Da juyin juya hali ya zo, aka sare masa kai a ranar 8 ga Mayun 1794 tare da abokan aikinsa. Amma dai halin nan na mai riƙe da littafin shiga da fita ya amfani ilimi, domin shi ya kafa ƙa'idar cewa duk abin da ya shiga wani haɗi sai ya fita, ko giram ɗaya ba ya ɓata.

Ga yadda lissafin yake a yau. Giram 180 na sukarin da ake kira gulukos yana haɗuwa da giram 192 na iskar oksijin, wato sashen iska mai rayarwa. Abin da ya shiga ke nan, giram 372. Abin da ke fita kuma shi ne giram 264 na iskar kabon dayoksaid, wadda muke fesarwa ta hanci, da giram 108 na ruwa. In ka tara, 372 ne cif. Ribar da ake nema a wannan ciniki ba ta hawa sikeli, ita ce ƙarfin da ya fito. Saboda haka idan mutum ya rame, mafi yawan nauyin da ya zube ta hanci ya fita, ba ta gumi ba kamar yadda aka ɗauka.

Inda Lavoisier ya kuskure shi ne ya zaci a cikin huhu wutar take. An ɗauki shekaru masu yawa bayansa kafin a tabbatar huhu ƙofa ce kurum, aikin yana gudana ne a ko'ina cikin jiki, a cikin ƙwayoyin halitta, wato ƴan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jiki da su, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Jikin babban mutum yana da sama da tiriliyan 30 na irinsu.

Daga ƙwaryar fura zuwa canji

Gero da dawa da masara da shinkafa, mafi yawan abin da ke cikinsu sitaci ne, shi kuwa sitaci ba kome ba ne illa gulukos da aka jera kamar ƴaƴan carbi. Tun daga baki miyau ke fara tsinka shi, hanji ya ƙarasa, sannan gulukos ya shiga jini. Abin mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke yawo a jinin. A jikin mai lafiya, duk sukarin da ke cikin jininsa a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Sauran ana ajiye shi ne a sito: kimanin giram 100 a hanta, kimanin 400 a cikin tsoka, abin da ya yi rara kuma a mayar da shi kitse. Daga ajiyar hantar nan mai azumi ke ci da rana, in ta fara ja baya jiki ya ƙara jingina da kitse. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai takan cinye kusan giram 120 na gulukos a yini, ita da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba. Don haka Alhajin da ya wuni zaune a rumfa yana lissafin sefa da naira, in ya ce ya gaji, kada yaran shago su yi masa dariya.

Kafin gulukos ya shiga ƙwayoyin tsoka da na kitse sai ya nuna takarda, takardar kuwa ita ce insulin. Mai ciwon sukari matsalarsa ke nan: kaya sun iso bakin iyaka, takarda babu ko kuma ba a karɓarta, sai su yi cunkoso a cikin jini alhali can ciki ana jiran su. Shi ya sa za ka ga mutum sukari ya yi masa yawa amma kasala ta hana shi sakat.

To ko da gulukos ya shiga, ƙwayar halitta ba ta iya kashe shi kai tsaye. Kamar ka je sayen ƙosai ne da takardar jika goma. Sai an yi canji. Canjin jiki wani sinadari ne da ake kira ATP, wanda wani Bajamushe, Karl Lohmann, ya gano a 1929. Da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa, da shi ƙoda ke tace jini. Duk ATP da ke jikin mutum a lokaci guda bai kai ko rabin kilo ba, amma saboda ana kashe shi ana sake haɗa shi ba tsayawa, abin da ke ratsawa ta hannun jiki a yini guda yakan kai kusan nauyin mutumin kansa. Wanda ya san yadda ƙaramin jari ke juyawa sau da yawa a ranar kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Zango uku

Ana canjin nan ne a zango uku. Zangon farko a cikin ruwan ƙwayar halitta ake yin sa, kuma ba ya bukatar iska. Gulukos yana da ƙwayoyin kabon shida a jikinsa, sai a bi da shi ta matakai goma, kowane mataki da ma'aikacinsa, har a raba shi gida biyu, uku-uku. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma haka abin yake a nan, domin sai ƙwayar ta fara zuba ATP biyu daga aljihunta kafin gulukos ya yarda ya fashe. Daga ƙarshe ta karɓi huɗu. Jari biyu, ciniki huɗu, riba biyu.

Riba biyu ba ta taka kara ta karya ba, in aka dubi abin da ya rage a cikin ɓangarorin nan biyu. Don haka ake tura su zango na biyu, cikin wasu ƴan jakunkuna da ke cikin ƙwayar halitta waɗanda ake kira mitokondiriya. Su ne murhun jiki. Ƙwayar tsokar zuciya tana da dubbansu. Wani abin sha'awa game da su shi ne daga uwa kaɗai ake gadonsu, uba ba ya da rabo a ciki.

A bakin wannan murhu ake cire kabon ɗaya daga kowane ɓangare, ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid. Biyun da suka rage sai wani sinadari mai kabon huɗu ya ɗauke su, ya zagaya da su ta matakai takwas, a hanya ya zubar da kabon biyu, ya dawo inda ya taso yana mai kabon huɗu kamar yadda yake, ya sake ɗaukar sabon lodi. Kamar dai motar da ke zagayen kasuwannin mako, ta yi lodi, ta sauke, ta dawo tasha. Wanda ya gano wannan zagaye shi ne Hans Krebs, wani likita da ya gudo daga Jamus a 1933 saboda mulkin Hitila, ya zauna Ingila. A birnin Sheffield ya yi binciken a 1937, da naman ƙirjin tantabara, domin tsoka ce mai yawan numfashi. An ba shi lambar Nobel a 1953, kuma har yau da sunansa ake kiran zagayen.

Shi ma zangon nan tsabar kuɗin da yake bayarwa biyu ne kacal. Amfaninsa yana wani wuri. A duk tsawon hanya ana tsintar ƙwayoyin haidirojin daga jikin sukarin ana ɗora wa wasu masu ɗauka. Su ne kamar takardun karɓar kuɗi da ɗan kasuwa ke tarawa, bai ga tsaba ba tukuna, amma ya san inda zai je a biya shi.

Wurin biyan shi ne zango na uku, a jikin tantanin ciki na mitokondiriya, wanda aka nannaɗe shi kamar rawani don ya sami faɗi. A nan ma'aikata ne jere, suna miƙa wa juna ƴan ƙananan abubuwa masu ɗauke da lantarki da aka ciro daga haidirojin ɗin, kamar yadda ake sauke kankana daga mota, wannan ya jefa wa wancan. Duk miƙawa ɗaya tana sakin ɗan ƙarfi, da ƙarfin nan ake tura ƙwayoyin haidirojin zuwa bayan tantani, su taru kamar ruwa a bayan madatsa. Hanyar dawowarsu guda ce, ta cikin wani ɗan inji da ke juyawa a zahiri, kuma juyawarsa ce ke ƙera ATP. Wanda ya san yadda ruwan Kwara ke juya injunan Kainji ya ba da wuta, to ya ga hoton abin. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, shi ya kawo wannan bayani a 1961. Abokan sana'arsa sun daɗe suna yi masa kallon mai tatsuniya kafin gwaji ya gaskata shi, aka ba shi Nobel a 1978.

A wannan zango ake samun ATP 26 zuwa 28. In aka haɗa da na baya, gulukos ɗaya yana ba da 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafan makaranta sukan rubuta 38, amma awon da aka yi daga baya ya rage lissafin.

To ina oksijin yake a duk wannan labari? Shi ne mutum na ƙarshe a layin kankana. Shi ke karɓar abin da aka miƙo, ya haɗa da haidirojin, su zama ruwa. In ya kauce daga wurinsa, na kusa da shi ba ya da inda zai jefa, na bayansa ma haka, nan da nan layi ya tsaya cak har zuwa kan mota. Dalilin numfashinmu ke nan dare da rana. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fesarwa kuma kimanin kashi 16. Sannan ba duk ƙarfin sukari ke zama ATP ba, fiye da rabi zafi yake zama. Shi ne ke riƙe jikin mutum a digiri 37, shi ne kuma wanda mai albasa ya ji a tsakiyar lodinsa.

Hakin ɗan dako

Idan ɗan dako ya saɓa buhu mai kilo 100 ya hau katako da shi zuwa kan tirela, tsokarsa tana neman ATP da gaggawar da murhun nan ba zai iya biya ba. Sai ta ƙara wa zangon farko wuta, ta riƙa fasa gulukos da sauri tana karɓar biyu-biyu. Wannan karyar da kaya ne don a sami tsaba a hannu. Ɓangarorin da suka taru ana mayar da su wani sinadari mai suna laktet, ɗan'uwan tsamin da ke cikin nono. Ba a zubar da shi, jini ke kwashe shi ya kai wa hanta da zuciya su yi amfani da shi, kuma cikin kamar awa guda ya watse. Hakin da ɗan dako ke yi bayan ya dire buhu, jiki ne ke neman iskar da zai daidaita lissafi. Ciwon jikin da ke zuwa washegari kuwa ba laifin tsamin ba ne kamar yadda aka daɗe ana faɗa, ƴan ƙananan raunuka ne a cikin tsoka.

A nan ya kamata a yi wa masu gida magana a kan ƙwayar tramol da wasu yara masu dako da tura kura ke sha wai don ƙarin ƙarfi. Ƙwayar nan ba ta ƙara ATP ko guda. Toshe jin ciwo take yi, sai yaro ya ci gaba da cin jarin jikinsa bai sani ba, in ta yi yawa kuma ta jawo farfaɗiya ko ta danne numfashin kansa. Ƙarfi daga ƙwaryar fura da kwanon wake da shinkafa yake zuwa. Shayi mai sukari da yawa yana ɗaga mutum nan take, amma ba ya riƙo kamar hatsi da wake, waɗanda hanji ke saki da kaɗan-kaɗan.

Wannan hanya ta cin sukari ba da iska ba, ba mutum kaɗai ke bin ta ba. Ita ce ƙwayoyin da ke cikin madara ke bi su mayar da ita nono mai tsami. Ita ce kuma yis ke bi, sai dai shi giya da iskar kabon dayoksaid yake fitarwa, iskar ce ke kumbura burodi da ƙullun waina. A riƙe wannan, domin zai dawo a maganar albasa.

Abin da ke faruwa a cikin mangaza

Kayan gona kashi biyu ne a wannan fage: masu ruwa a jiki da busassu.

Albasa da tumatur da mangwaro da tattasai ɗanye suna numfashi sosai, kuma ba su da saiwar da za ta mayar musu da abin da suka ci. Suna cin kansu ne. Zafi yana ƙara musu sauri, domin duk ƙarin digiri 10 yakan ninka numfashin nasu sau biyu ko fiye. Ga shi kuma su da kansu suna fitar da zafi, saboda haka in aka cunkushe su aka lulluɓe da tamfal, zafin ya taru, numfashi ya ƙaru, zafi ya sake ƙaruwa. In iska ta ƙare musu a tsakiya sai su koma hanyar yis, su fara tsami da wari, daga nan ruɓa ta shiga. Manoman Galmi da Madawa ba su karanta wannan a littafi ba, amma rudun da suke ajiye albasa a ciki an ɗaga shi daga ƙasa, an yi shi da kara da ciyawa yadda iska za ta ratsa. Hikimar ke nan ta buhun raga da kwando. Gaskiya ne mafi yawan nauyin da albasa ke rasawa ruwa ne da ke fita ta ɓawo, amma zaƙi da ƙwarin jikinta numfashi ne ke cinye su. Don haka in mota ta maƙale, neman inuwa da ɗage tamfal da dare sun fi zaman jiran tsammani.

Busasshen hatsi shi ma da ransa, shi ya sa yake tsira in an shuka, amma numfashinsa ƙasa yake ƙwarai muddin ruwan jikinsa bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Da zarar an zuba masara ko gyaɗa a buhu da sauran danshi, labari ya sake. Hatsin ya farka, fumfuna ta farka, ita ma numfashi take yi, har ta fi hatsin. Ka tuna lissafin baya: duk giram 180 na sukari da aka ci yana haifar da giram 108 na ruwa. Wato danshi yana haifar da danshi. Shi ya sa buhun da aka ɗinke da ɗan laima ake buɗe shi a tarar ya yi zafi ya dunƙule, kuma irin wannan fumfuna ce ke barin dafin aflatoksin da ke lalata hanta, ke kuma sa a ƙi kaya a kasuwannin waje. Akwai gwaji mai sauƙi kafin ka biya kuɗin kaya: zuba hatsin cikin busasshiyar kwalba zuwa sulusinta, ƙara cokali biyu ko uku na gishiri busasshe, rufe, girgiza, ajiye kamar minti 15, sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, ruwa za ka saya da kuɗin masara.

Sai wake, wanda babban maƙiyinsa ƙwaro ne. Macen ƙwaron tana manna ƙwai a jikin waken tun daga gona, tsutsa ta huda ta shige, ta ci ta girma a ciki, cikin ƴan watanni tiya ta koma gari da ramuka. Tun a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, suka fara gwada ajiye wake cikin leda ruɓi uku. A 2007 aka ƙaddamar da shirin yaɗa buhun da aka sani da PICS a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Nijar da Najeriya, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maradi ta yi aiki sosai a kansa. Buhun leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ba a sa magani ko kaɗan. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye oksijin da numfashinsu, cikin ƴan kwanaki ya yi ƙasa, su daina ci, su daina haihuwa.

An daɗe ana zaton shaƙewa ce kawai ke kashe su, sai binciken da Murdock da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya nuna akwai ƙishirwa a ciki. Tsutsar da ke zaune cikin busasshen wake ba ta da rijiya. Mafi yawan ruwan da take rayuwa da shi, shi ne wanda ke fitowa a ƙarshen layin kankana, lokacin da oksijin ya haɗu da haidirojin. An yanke oksijin, an yanke mata ruwa, sai ta bushe. Shi kuwa waken, da yake numfashinsa kaɗan ne, yana fitowa lafiya, har a shuka shi ya tsira. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska haka suke aiki, in an cika su taf. Sharaɗin dai shi ne waken ya bushe, leda ba ta da huda ko ta allura, a kare ta daga ɓera, kuma a daina buɗewa kullum don nuna wa mai saye, domin kowace buɗewa sabon numfashi ce ga ƙwaro.

Ƙwaya da kasko

Wasu ƴan kasuwa sun fi gane wa ƙwayar nan mai launin toka da ake sayarwa da suna Phostoxin da makamantansa. Kowace ƙwaya mai giram 3, in ta sha laimar iska, tana sakin giram 1 na wata iska mai dafi da ake kira fosfin. Daga cikin ɓarnar da fosfin ke yi akwai lalata aikin mitokondiriya, wato kashe murhun. Abin da ya kamata a sani shi ne murhun ƙwaro da na mutum ƙira ɗaya ne. Iskar nan tana ratsa buhun saƙa, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa zuwa ɗakin da ke kusa, kuma babu wata allura da ke karya dafinta, sai dai likita ya yi ta tallafar zuciya da numfashi. Duk mangazar da aka sa wa wannan ƙwaya ba wurin kwanan mai gadi ko yaron shago ba ce, kuma ba a sa ta a ɗakin da ke manne da na iyali. Dafin da ke cikin rogo mai ɗaci shi ma a kan ma'aikaci na ƙarshe a layin yake sauka, shi ya sa ake jiƙa rogon, a matse, a soya kafin ya zama gari.

Kaskon gawayi a lokacin hunturu ta wata ƙofa yake shigowa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki, da janareto da aka kunna a cikin shago don tsoron ɓarayi, suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagaye ba ya kai wa murhu kome. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma mai barci ba ya jin su. In aka tarar da mutane biyu ko uku a ɗaki guda duk da irin wannan alama, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su fili nan take, a nufi asibiti. Ɗura madara ko manja ba ya fitar da wannan iska daga jini, wanda ya suma ma yana iya shaƙewa da su. Oksijin ne maganinta, kuma a asibiti ake sa shi. In kuwa ƙwayar hatsi ake zargi, a faɗa wa likita sunan maganin da lokacin da aka sa shi.